Turke a Ƙarshen Giɓi: Tsarin Haƙoran Roba da Rawar Hausa a Gaɓar Tafkin Kainji

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da raɗa wa kowane sashe na bakinsa suna. Yana da haƙori, wanda a karin harshen yamma aka fi kira haure. Yana da fiƙa da turmi da dasashi da ganɗa da muƙamuƙi. Ya bambance wushirya, wadda ado ce, da giɓi, wanda rashi ne, sannan ya ware wawulo ga wanda rashin ya yi wa yawa. Ko faɗuwar haƙoran ƙuruciya ya ba ta sunanta, wato famfara. Sai dai idan aka zo ga abin da ake sakawa a madadin haƙorin da ya tafi, kalmomi biyu ne kawai suka zauna a bakin jama'a: haƙorin Makka da haƙorin roba. Na farko kwalliya ce ta zinariya ko azurfa da mahajjata ke liƙawa, galibi a kan lafiyayyen haƙori, don shaidar an sauke farali. Na biyu kuwa jakar magori ce, domin ya haɗe na'urori iri-iri waɗanda aikinsu da haɗarinsu suka sha bamban.

Ra'ayin da wannan maƙala ke karewa yana da fuska biyu. Ta farko, ga mutumin Yawuri ko Ngaski ko Shanga da ya rasa turamensa, tsarin da ya fi dacewa a yawancin lokaci shi ne haƙoran roba masu cirewa waɗanda aka tallafe da turke ɗaya ko biyu na ƙarfe a cikin ƙashin muƙamuƙi. Ta biyu, nasarar wannan tsari ta dogara ne a kan abin da majinyaci ya faɗa wa likita da abin da ya fahimta daga gare shi, kuma a wannan yanki da Hausa ake wannan zance. Ke nan masana Hausa suna da hannu a cikin aikin, ko sun sani ko ba su sani ba.

Matsalar Giɓin Ƙarshe

Baligi yana da haƙora 32, kuma 12 daga cikinsu turame ne. A kan turame ƙarfin tauna ya fi sauka. A shekarar 1925 wani likitan haƙori ɗan Amurka, Edward Kennedy, ya kasa giɓin baki gida huɗu, kuma har yau da rabonsa ake koyarwa. Rukuni na farko shi ne wanda ya rasa haƙoran baya a ɓangarori biyu, babu ko ɗaya da ya rage a bayan giɓin. Na biyu irin wannan ne amma a ɓangare guda. Na uku giɓi ne da ke da haƙori a gabansa da bayansa. Na huɗu giɓin gaba ne da ya ƙetare tsakiyar baki. Rukuni na farko da na biyu su ne suka fi ba likitoci wahala, kuma dalilin wahalar abu ne da duk mai hulɗa da mashigin ruwa zai gane nan take.

A ɗauki katakon da ake shimfiɗawa a bakin ruwa don a hau jirgi. Idan kowane ƙarshensa yana kan dutse, mutum zai taka ya wuce da kayansa. Idan kuwa ƙarshe ɗaya na kan dutse, ɗayan na kan laka, duk takun da aka yi sai gefen laka ya nutse, gefen dutse ya ɗaga yana ɓamɓarar dutsen. Haƙoran roba na giɓin ƙarshe haka suke. Ta gaba an maƙala su da waya a jikin haƙori na gaske, ta baya kuma sun kwanta a kan dasashi kawai. Haƙori yana da wasu siraran zaruruwa da suka ɗaure saiwarsa da ƙashi, waɗanda ke ba shi damar motsin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Dasashi kuwa nama ne, yana iya lotsawa kusan rabin milimita ko fiye. Wannan bambanci ƙarami ne a ido, amma ana maimaita shi a kowace loma, kowace rana, shekara da shekaru.

Sakamakon iri uku ne. Haƙorin da aka jingina da shi yana shan ja da murɗa har ya fara girgiɗi. Ƙashin da ke ƙarƙashin dasashi, wanda dama yakan fara zaizayewa tun daga watannin farko bayan cire haƙori, yana ci gaba da raguwa, sai robar ta yi sako-sako. Daga nan dasashi ya goge ya yi miki, mai haƙoran ya gaji ya jefa su a ƙasan adaka. Abin ya fi muni idan robar zalla ce, wadda ba ta da ƙashin ƙarfe ko majinginin da zai sauke nauyi a kan haƙori, domin irinta nutsewa take yi tana tuttura dasashi daga wuyan haƙoran da suka rage. Mutum ya je neman maganin giɓi guda, ya dawo da sanadin giɓi biyu.

Abin da Turke Ke Sauyawa

A shekarun 1950 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya lura cewa ƙashi mai rai yana manne wa ƙarfen titaniyom har ba a iya raba su. A 1965 ya saka wa mutum na farko irin wannan ƙarfe a muƙamuƙi, kuma bayan wani taro da aka yi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1982 fasahar ta bazu a duniya. A ƙa'idar da ya shimfiɗa tun farko, ana barin ƙarfen kimanin wata uku a muƙamuƙin ƙasa, wata shida a na sama, kafin a ɗora masa nauyi.

Idan aka kafa irin wannan ƙarfe guda ɗaya a can ƙarshen giɓi, katakon nan ya sami dutse na biyu. Giɓin rukuni na farko ya koma yana aiki kamar na rukuni na uku. Robar ta daina nutsewa ta baya, haƙorin jingina ya huta da ɓamɓara, dasashi ya sami sauƙi, mai tauna kuma ya sami ƙarfin guiwar tauna. Amma ƙarfen ba ya yafe kuskuren tsari, kuma akwai tambayoyi huɗu da dole likita ya amsa.

Ta farko, a ina za a kafa shi? Gwargwadon nisansa zuwa baya, gwargwadon tallafin da zai bayar. Sai dai a can bayan ne ƙashi ya fi zaizayewa, kuma a muƙamuƙin ƙasa akwai babbar jijiya da ke ratsa cikin ƙashin, a na sama kuma akwai kogon iska da ke haɗe da hanci. Idan ƙashi bai isa ba, akan matso da shi kusa da haƙoran da suka rage, inda zai fi amfani wajen riƙo, har a iya ɗauke wayar da ke bayyana idan an yi murmushi.

Ta biyu, tallafi kaɗai ake so ko har da riƙo? Ana iya sa wa ƙarfen kai mai santsi wanda robar za ta zauna a kansa kawai. Ana kuma iya sa masa maɓalli irin na riga wanda ake dannawa ya kama. Maɓallin yana hana robar ɗagowa idan ana tauna abu mai danƙo, amma yana da 'yar roba a ciki da ke cinyewa, dole a riƙa sauya ta lokaci-lokaci.

Ta uku, ta wace fuska nauyi zai sauka? Ƙarfen ba shi da zaruruwan nan da ke ba haƙori damar motsi da jin nauyi. Kusan ba ya motsi ko kaɗan, kuma mai shi ba ya saurin jin an matsa masa kamar yadda zai ji a haƙorinsa na asali. Yana jure nauyin da ya sauko masa a tsaye, amma nauyin da ke tura shi gefe yana kwance notinsa, ko ya cinye ƙashin da ke wuyansa.

Ta huɗu, faɗin wurin tauna nawa za a bayar? Ana rage yawan haƙoran robar da faɗinsu don a rage nauyi, a kuma faɗaɗa gindin da ke kwance a kan dasashi don nauyin ya rarrabu. Daidai ruwa daidai tsaki.

Dacewar Tsarin da Ƙasar Yawuri

Babu ɗaya daga cikin tambayoyin nan da za a amsa da hoton ƙashi kaɗai. Bakin da ke cin tuwon shinkafa da ɗanyen kifi a miya daban yake da bakin da ke yini da goro, yana yagar bandar tarwaɗa, yana ɓare rake da haƙori, yana gurgurar aya da gasasshiyar masara. Masunci yakan riƙe zare da haƙori ko ya datse shi idan yana gyaran koma, kuma wannan ɗabi'a tana haifar da irin nauyin gefen da ƙarfen ba ya so. Likitan da bai tambayi wannan ba ya tsara haƙora ne ga wani baki da ya karanta a littafi.

Mutanen wannan yanki sun san abin da ke biyo bayan tsarin da aka yi wa mutum ba tare da an saurare shi sosai ba. Lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya mamaye tsibirai da ƙauyuka, aka sake wa mutane fiye da 40,000 matsuguni, ciki har da Gungawa da Kambari na ƙasar Yawuri. An gina musu gidajen siminti bisa zanen da aka zo da shi daga waje, amma da yawa sai da suka ƙara ɗakunan laka da rumbuna irin nasu kafin gidajen su zaunu. Gida yana karɓar irin wannan gyara daga mai shi. Ƙarfen da aka kafa a ƙashi ba ya karɓa.

Akwai kuma batun nisa da kuɗi. Ƙwararrun likitocin haƙori sun fi taruwa a manyan birane da asibitocin koyarwa, kamar na Aminu Kano da ke Kano da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Mutumin wani ƙauyen tsibiri sai ya haɗa tafiyar jirgi da ta mota kafin ya isa Yelwa, balle Birnin Kebbi ko Sakkwato. Idan aka ce za a mayar masa da turamensa da haƙoran da ba a cirewa, zai buƙaci turaku da yawa, wani lokaci har da ƙarin ƙashi, kuma duk matsalar da ta taso sai ya koma inda aka yi aikin. Haƙora masu cirewa da turke ɗaya a kowane ɓangare sun fi sauƙi ta kowace fuska. Tiyatar kaɗan ce. Mai su yana cire su ya wanke, ya ga turken da idonsa ya goge shi. Idan robar ta karye ko ta yi sako-sako, ana iya gyara ta ba tare da an taɓa ƙashi ba. Idan wani haƙori ya sake faɗuwa, ana iya ƙara shi a jikin robar. Ko da turken ya ƙi zama, mutum bai koma wawulo ba, yana da haƙoran da zai ci gaba da amfani da su kafin a sake dubawa. Tsarin da ke da mafita idan abu ya ɓaci shi ya fi cancanta ga wanda ke nesa da likita.

Inda Hausa ta Shigo

Ƙasar Yawuri mahaɗar al'ummu ce: Gungawa da Kambari da Shangawa da Dukkawa da Sarkawa da Fulani da Hausawa. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya nuna a littafinsa na 1978 yadda Hausa da Hausawa suka yi tasiri a Afirka ta Yamma ta hanyar fatauci da ƙaura, kuma yankinsa na haihuwa shaida ne. Tsohuwar Bakambariya da matashin likita Bayarabe ko Ibo mai hidimar ƙasa, idan sun haɗu a asibiti, Hausa ce gadarsu, kai tsaye ko ta bakin tafinta. Idan kalmar da aka ɗora a kan gadar ta karkace, fahimta ta karkace.

A duba kalmomi uku da za a iya kiran ƙarfen nan da su. Wadda ta fi yawo a kafofin watsa labarai ita ce dashe, a ce dashen haƙori. Manomin albasa ko shinkafa na bakin tafki ya san dashe sarai: a cire tsiro daga wuri a kai shi wani, ya yi saiwa, ya rayu da kansa. Wannan hoto yana sa majinyaci ya ɗauka sabon haƙori mai rai aka ba shi, wanda da zarar ya kama shi ke nan. Alhali ƙarfen ba ya saiwa, ƙashi ne ke zuwa ya rungume shi, kuma rungumar tana iya saki idan datti ya taru a wuyansa, ko mai shi yana shan taba, ko yana da ciwon sukarin da ba a kula da shi. Kalma ta biyu ita ce ƙusa. Ita kuma tana tsoratarwa, tana kawo hoton guduma, tana kuma sa a zaci da an kafa sai a rataya kaya, ba a san da watannin jira ba. Ta uku ita ce turke. Turke abu ne da ake kafawa don a ɗaure wani abu, yana ɗaukar lokaci kafin ƙasa ta kama shi, kuma kowane makiyayi da mai jirgi ya san cewa jijjiga shi gefe da gefe ke tumɓuke shi. Kalma guda ta ɗauko aikin ƙarfen da rauninsa da ƙa'idar kula da shi. Ingancin sabuwar kalma a fagen lafiya yana cikin irin halin da take sa mai jin ta ya ɗauka bayan ya bar asibiti.

Haka za a bi sauran sassan. Wayar da ke zagaye haƙori, idan aka kira ta ƙugiya a gaban masunci, zai tuna abin da ke huda nama, don haka maƙali ya fi dacewa. Ɗan ƙarfen da ke sauka a kan haƙori ya ɗauki nauyi majingini ne. Gindin robar da ke kwance a kan dasashi yana kama da sirdi, kuma Bahaushe ya san sirdin da bai zauna daidai ba shi ke yi wa doki miki a baya. Waɗannan shawarwari ne, kuma gwaji a bakin masu harshe ne zai tabbatar da su ko ya watsar.

Akwai kuma tambayoyin da majinyaci ba zai yi ba sai da harshensa: ko zai cire haƙoran idan zai kurkure baki a alwala, yadda zai yi da su a lokacin azumi, ko asuwaki ya isa tsabtace turke, da kuma kunyar cire su da dare a gaban iyali. Barin su a baki dare da rana yana jawo kumburin dasashi, saboda haka wannan kunya batu ne na lafiya, kuma sai wanda ya san al'adar zai iya warware ta cikin ladabi.

Hujjojin Masu Saɓani

Za a ce yankin da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin likitoci bai kai ga zancen titaniyom ba, rigakafi ya fi magani. Wannan gaskiya ce, kuma akwai hujjar kimiyya da ke ƙarfafa ta. A 1981 wani masani ɗan ƙasar Holan, Käyser, ya nuna cewa mutumin da ke da haƙoran gaba da waɗanda ke bin fiƙoƙi yana iya tauna yadda ya kamata ko da babu turame. A 1992 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa riƙe haƙora 20 masu aiki tsawon rayuwa a matsayin manufa. Ke nan ba kowane giɓi ne ke buƙatar cikewa ba. Amma wannan hujja tana ƙara nuna buƙatar kalmomi ne, domin gamsar da mutum cewa giɓinsa bai buƙatar komai ya fi sayar masa da roba wuya. Wanda bai san yadda katako ke ɓamɓarar dutse ba, ba zai gane dalilin da zai sa ya guji robar mai araha ba. Bugu da ƙari, fataken kifi da albasa da shanu masu hali suna zuwa birane da ƙasashen waje neman magani, kuma mai kuɗin da bai fahimci zaɓinsa ba shi ma abin tausayi ne.

Za a kuma ce aron kalmar Ingilishi ya wadatar, kamar yadda aka ari asibiti da likita da allura daga wasu harsuna. Aro ba laifi ba ne, kuma sunan ƙarfe kamar titaniyom ba ya buƙatar fassara. Sai dai kalmar aro suna kawai take bayarwa. Yardar da majinyaci ke bayarwa kafin tiyata ba ta cika ba sai ya san abin da za a yi masa, da abin da zai iya ɓaci, da wani zaɓin da yake da shi. Dangwala yatsa a kan takardar da ba a fahimta ba cika ƙa'ida ce kawai.

Kammalawa

Fagen nazarin Hausa ba baƙo ba ne ga irin wannan aiki. Ƙamusun Bargery na 1934 ya tara kalmomin sassan jiki da cututtuka, an wallafa ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi a 1990, Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, kuma masana irin su Farfesa Aliyu Muhammad Bunza sun yi zurfi a nazarin magungunan Bahaushe. Abin da ya rage shi ne a shiga ɗakin likitan haƙori. Sassan koyar da Hausa na Sakkwato da Kano da Zariya suna makwabtaka da asibitocin koyarwa, kuma haɗa ɗalibin digiri na biyu da likita mai neman ƙwarewa a kan bincike guda ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Aikin farko shi ne tattara kalmomin baki da tauna daga Yelwa da Birnin Yawuri da Wara da Shanga, tare da lura da yadda waɗanda Hausa ba harshensu na farko ba ne suke amfani da su. Na biyu shi ne gwada turke da maƙali da majingini da sirdi a kan majinyata na gaske, a ga wadda ta zauna da wadda ta ɓatar. Na uku shi ne rubuta takardar neman yarda da jagorar kula da haƙora cikin Hausar da za a iya karantawa a boko da ajami, a kuma saurara a rediyo.

Fasahar turke za ta iso garuruwan bakin tafki ko an shirya ko ba a shirya ba, kamar yadda haƙorin roba ya iso. Idan ta tarar da kalmominta a ƙasa, masunci zai iya tambayar likita inda za a kafa turken da dalilin kafa shi a nan, ya kuma faɗa masa cewa da haƙori yake datse zare. Amsar da likita zai samu daga wannan zance ita ce za ta nuna masa tsarin da zai zana.